Araha ba ta ado: amsa ga mai shirin hawa jirgi mai rahusa da iyali daga Kuala Lumpur

Tambaya: Ina karatun digiri na uku a Maleshiya, iyalina sun iso 'yan watanni da suka wuce: maiɗakina, yara maza biyu masu shekara 7 da 4, da jaririya 'yar wata 10. Muna so mu ɗan fita a hutun ƙarshen zango, ko tsibirin Langkawi ko birnin Kota Kinabalu a nan Maleshiya, in hali ya yi ma mu leƙa Bankok ta ƙasar Tailan. Na ga kuɗin tikitin AirAsia da ire-irensa ƙasa ƙwarai, har abin ya ba ni tsoro. Jiragen nan lafiya suke? Me ya kamata in sani kafin in biya?

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma raya zuri'a. Na daɗe ina yanka wa mutanenmu tikiti a yankin nan, ni ma kuma da yara ƙanana na yi ta zirga-zirga a cikin waɗannan jirage, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Bari in fara da abin da ya ba ka tsoro. Arahar ba daga rage gyaran inji take fitowa ba. Hukumar da ke sa ido kan babban kamfani ita ce ke sa ido kan mai rahusa, doka ɗaya ce. Inda suke rage kuɗi a fili yake: suna amfani da jirgi iri ɗaya, yawanci Airbus A320, saboda horar da matuƙa da ajiye kayan gyara su zo da sauƙi, suna cusa kujeru 180 a cikinsa, jirgi na sauka, cikin kamar minti 25 zuwa 30 an sauke mutane an ɗebi wasu an tashi, sannan duk abin da ba kujera ba sayar maka da shi za a yi, har ruwan sha. Ba zan ɓoye maka ba, an yi haɗurra a yankin. Jirgin AirAsia na Indonesiya ya faɗa teku a Disambar 2014 tsakanin Surabaya da Singafo da mutum 162, na Lion Air kuma a Oktoban 2018 da mutum 189. Amma a shekarar 2018 ɗin nan ce Tarayyar Turai ta cire dukkan kamfanonin Indonesiya daga jerin waɗanda ta hana shiga sararinta, bayan gyare-gyaren da ƙasar ta yi. Ni dai ina saka 'ya'yana a waɗannan jirage hankalina kwance, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tafiyar mota zuwa filin jirgin cikin ruwan sama.

Abin da zai cije ka shi ne lissafi. Kuɗin da ka gani a shafin farko kuɗin zama ne kawai, kai da jakar hannu. Ku mutum 4 ne masu kujera, sai jaririya da za a riƙe a cinya, ita ma da nata kuɗin ko da ba ta da kujera. Kafin ka ce tikitin nan ya yi araha, ka bi shafin har ƙarshe, ka saka akwati, ka saka zaɓen kujeru, ka saka abinci, na zuwa da na dawowa, ka tsaya daidai wurin biya ka rubuta jimillar. Daga nan ka buɗe Malaysia Airlines ko Batik Air ka yi haka nan. Sau da yawa mai rahusar zai ci gaba da zama ƙasa, amma na sha ganin tazarar ta ragu har ta zama ba ta kai wahalar ba, musamman ga mai iyali a lokacin biki. Ka duba da kyau kuma, su ma manyan suna da tikitin ƙasa-ƙasa da kayan da ya ƙunsa ba su taka kara sun karya ba.

Maganar kaya ita ce inda mutanenmu suka fi zubar da kuɗi, don mu ba mu iya tafiya da hannu biyu ba. A AirAsia kowane mai kujera yana da kilo 7 na jakar hannu, kuma wannan kilo 7 ɗin jimilla ne, wato 'yar akwatin da ƙaramar jakar rataye duka a haɗe. Cebu Pacific na Filifin da VietJet na Biyetnam su ma 7 ne, Scoot na Singafo 10. Ku 4, kuna da kilo 28 ke nan kyauta. Sai dai ka tambayi kanka wa zai ɗauka. Ɗan shekara 4 ba zai ja akwati ba, ko ya fara da zumuɗi, kafin ku kai ƙofar jirgi shi da akwatin duka suna wuyanka. Uwargida na ɗauke da jaririya. Shawarata ka sayi nauyin akwati ɗaya babba, kilo 20 ko 25, ku zuba na kowa a ciki, ku shiga jirgi da jakar goyo ɗaya da jakar jaririya. Ka sayi nauyin tun lokacin yankan tikiti, domin a nan ya fi sauƙi. In ka ƙara daga baya ta manhaja ya ɗan hau, in kuwa ka bari sai a gaban kanta, kowane kilo da ya haura za a caje ka a kansa, kuɗin kuma ba na wasa ba ne. Waɗanda ke kan tikiti ɗaya suna iya haɗa nauyinsu in sun je awo tare, amma akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32 ko nawa ka biya, wannan don bayan masu ɗaukar kaya ne.

Akwai wata rana da ba na mantawa, muna dawowa daga wani tsibiri a jirgin wani kamfani mai rahusa. Da zuwa akwatinmu kilo 19 ne, na tabbatar a gida. Da dawowa sikeli ya nuna 23 da ɗoriya. Na tsaya ina kallon lambar kamar za ta canza. Ashe rigunan wankan yara da tawul-tawul ba su bushe ba, ga yashi, ga cakulan da maiɗakina ta saya na tsaraba. Can gefen layi muka durƙusa muka buɗe akwati, kayan ciki a bainar jama'a, ina cusa jiƙaƙƙen tawul cikin jakar goyo, ƙaramin yana kuka yana jan zanen uwarsa, mutane na ratsa mu suna wucewa. Tun daga ranar nake tafiya da ɗan sikelin hannu, irin mai ƙugiya, kuma nake sayen nauyin dawowa ya fi na zuwa da kilo 5. A ƙasa mai laima irin wannan kaya ba sa bushewa a dare ɗaya, ko ka shanya su a ƙarƙashin fanka.

Kujera kuma, in ba ka biya ka zaɓa ba, kwamfuta ce za ta raba muku, ita kuwa ba ta san waye uban wa ba. Wani lokaci ta haɗa ku, wani lokaci ka tarar ɗanka yana layi na 9 kai kana na 24. Ma'aikatan jirgi kan yi ƙoƙarin roƙon fasinja ya canza, amma wanda ya biya kuɗin kujerarsa ba dole ne ya tashi ba, kuma rana ce da jirgi ya cika maƙil za ka gane haka. Mai tafiya shi kaɗai ba ya bukatar wannan kashe kuɗi. Kai kana bukata. Ba sai ka sayi na gaba masu tsada ba, na tsakiya ko na baya sun isa. Jirgin kujeru 3 ne dama 3 hagu, A, B, C sannan hanya, sannan D, E, F. Yadda na ga ya fi: uwargida da jaririya a A ta jikin taga, inda za ta shayar a rufe ba wanda ke gogar ta, ɗan shekara 4 a B, kai a C, babban a D, ƙetaren hanya, hannunka na kai gare shi, shi kuma yana jin an ɗauke shi babba. Kada ka yi abin da maza da yawa ke yi, su jera uwa da yara a gefe ɗaya su kuma su koma D su yi barci. Layin ƙofar gaggawa, mai faɗin wurin ƙafa, ba a ba mai jariri ko yaro, kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Jaririya za ta zauna a cinyar uwarta, ma'aikaciyar jirgi za ta kawo ɗan ƙaramin bel da ake sarƙafawa a jikin na uwar. Babu gadon jarirai a waɗannan ƙananan jirage. Babba ɗaya jariri ɗaya ake yarda, wanda bai kai shekara 2 ba. Keken tura jariri ana karɓarsa kyauta, amma ga inda gizo ke saƙa: a wasu filayen za a miƙo maka shi a bakin jirgi in kun sauka, a wasu kuwa sai can wurin ɗaukar akwatuna, bayan kun yi tafiya mai nisa. A nan al'adarmu ta fi ta kowa. Uwargida ta saka zanen goyo da majanyi a jakar hannu. Tashar jiragen rahusa ta Kuala Lumpur, wadda aka buɗe a 2014 da sunan klia2, yanzu ake ce mata Tasha ta 2, tana da tsawo sosai, daga wurin awo zuwa wasu ƙofofin sai ku yi minti 20 kuna tafiya da yara. A ƙananan filaye irin na Langkawi kuma da matakala ake sauka, a taka a ƙasa zuwa cikin gini, ko rana ko ruwa. Mai goyo hannunta biyu a sake suke.

Af, in akwai juna biyu, ka faɗa tun wuri. Ƙa'idar AirAsia ita ce har mako 27 sa hannu kawai za ta yi a takarda, daga 28 zuwa 34 sai da takardar likita, daga 35 ba sa ɗauka.

Sai lokacin tashi. Wanda ya fi araha kusan kullum shi ne na ƙarfe 6 na safe ko na tsakar dare, kuma ga mai iyali shi ne mafi tsada. Filin jirgin yana Sepang, kusan tafiyar awa guda daga tsakiyar gari. Jirgin ƙarfe 6 yana nufin tada yara ƙarfe 2 da rabi, neman babbar motar haya ta manhajar Grab mai ɗaukar mutum 6 a lokacin da ba su da yawa, sannan ku isa otal da hantsi a ce ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana. Ranar farko ta tafi a kuka da gyangyaɗi. Na yamma kuma yana da tasa matsalar. Jirgi ɗaya ne ke ta kai da komo tun asuba, to jinkirin minti 15 na safe yana taruwa, kafin magariba ya zama awa 2. Ga shi a wannan yanki hadari da tsawa sun fi taruwa daga la'asar. Ni tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe nake nema, ko da ya ɗara kuɗi kaɗan.

Kuma su ba sa jira. Kantar karɓar akwati tana rufewa awa 1 kafin tashi, ƙofar shiga jirgi minti 20 kafin tashi, kuma tikitin wanda ya makara ya ƙone, ba mayarwa ba canji. Ku isa fili da wuri: awa 2 da rabi in cikin gida ne, awa 3 in ƙetare ne. Ka yi rajistar shiga ta manhaja tun daga gida, domin a wasu filaye in ka je kanta a yi maka sai ka biya. Duk da haka mai jariri, da mai fasfo irin namu da ake son ganin bizarsa, sau da yawa sai an kira shi kanta an duba takardu, saboda haka kada katin da ke cikin wayarka ya sa ka yi sanyin jiki. Ka buga tikiti da takardar otal a kan takarda ka riƙe, waya tana mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

Yanzu ga wurin da na fi so ka nutsu, wato fasfo da biza, don shawarar da za ka karanta a wurin Bature ko ɗan Maleshiya ba taka ba ce. Su suna tsallakawa Tailan ko Indonesiya kamar mai zuwa Zariya daga Kano. Mai koren fasfon Najeriya sai da biza, kowa da tasa, har jaririya, kuma ana nemanta tun kafin tafiya. Kada ka yanki tikitin Bankok don ka ga rahusa kafin bizar ta fito, kuɗin ba ya dawowa. Ka duba takardar zaman da aka manna maka da ta iyalinka, ka tabbata tana ba da damar fita da dawowa, kuma ba ta kusa ƙarewa ba. Kowane fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan da kuka shigo da shi, ku tafi da shi; a Bankok akwai teburin jami'an lafiya da masu fasfon ƙasashenmu ke fara biyawa kafin layin shige da fice, wanda ya wuce shi kuwa sai a dawo da shi baya bayan ya gama bin dogon layi. Ƙasashen yankin da yawa yanzu sun koma katin isowa na intanet da ake cikewa cikin kwana 3 kafin shiga: Maleshiya da Singafo suna da nasu, Tailan ta fara nata a Mayun 2025. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne.

Ko Kota Kinabalu, babban birnin jihar Sabah, da kake ganin cikin gida ne, ku tafi da fasfo. Jihohin Sabah da Sarawak suna da ikon shige da ficensu tun shigarsu tarayyar a 1963, za a duba ku a buga muku hatimi kamar kun shiga wata ƙasa. Wannan yana ba mutane mamaki kullum.

Suna kuma ka rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu muna da Muhammad da Mohammed da Muhammed a gida ɗaya, wani fasfon ma sunan uba ne a gurbin sunan dangi, wani sunan gari. Gyaran harafi ɗaya ana yi, da ɗan wahala, amma a AirAsia mayar da tikiti ga wani mutum ba a yi. Tunda yara sunanka suke ɗauke da shi, uwarsu kuma na mahaifinta, ku riƙe kwafin takardun haihuwa, musamman ranar da za ta yi tafiya da su ba ka nan.

Wani tarkon shi ne haɗa jirgi biyu da kanka. Ka ga tikiti mai araha zuwa wani gari, ka ga wani daga can zuwa inda za ka, ka saye su daban-daban. A wurin kamfanin waɗannan tafiya biyu ne da ba su san juna ba. In na farko ya makara na biyu ya tashi, asararka ce. Abin da ya fi wannan muni, akwatinka zai fito a garin tsakiya, kuma kafin ka ɗauke shi ka sake ba da shi sai ka ratsa shige da fice, wato sai da bizar ƙasar. Na san waɗanda aka hana su hawa tun daga jirgin farko saboda wannan. In dole sai an ya da zango, ka sayi tafiyar a tikiti ɗaya. AirAsia suna kiran nasu tsarin Fly-Thru, kaya na wucewa kai tsaye. Ka kuma karanta sunan filin jirgi da kyau. Bankok filaye biyu ne, Don Mueang inda yawancin masu rahusa ke sauka, da Suvarnabhumi, tsakaninsu awa guda ne ko fiye in hanya ta cushe. A Kuala Lumpur manyan jiragen da ke kawo mutanenmu, irin su Emirates da Qatar, Tasha ta 1 suke sauka, AirAsia kuma Tasha ta 2, akwai jirgin ƙasa tsakaninsu na 'yan mintoci. Akwai kuma filin Subang, wanda shi wani wuri ne daban can kusa da gari.

Abinci: in jirgin awa guda ne kamar na Langkawi, ku ci ku ƙoshi a ƙasa, ba sai ka saya ba. Kota Kinabalu awa 2 da rabi ne, Bankok 2 da 'yan mintoci, tsibirin Bali na Indonesiya kusan 3, a nan yunwa za ta kama yara. Ka yi odar abinci tun a manhaja, ya fi sauƙin kuɗi, kuma masu oda ake fara miƙa wa. Wanda ya jira keken abinci ya iso layinsa yakan tarar abin da yake so ya ƙare. Abincin AirAsia na Maleshiya halal ne. Shinkafar kwakwarsu mai suna nasi lemak tana da daɗi, amma miyar barkonon da ke gefe ta fi ƙarfin ɗan shekara 4, ka zaɓa masa shinkafa da kaza. A jiragen Biyetnam da Filifin kada ka ɗauka halal ne sai ka tambaya. A ƙa'ida yawancinsu ba sa son a ci abincin waje a cikin jirgi, Scoot ma sun fi tsanantawa, amma ban taɓa ganin an hana uwa ba jaririnta abinci ko yaro biskit ba. Ka bar dafaffen abinci mai ƙamshi a gida. Su wani ɗan itace mai suna durian suka hana saboda wari, mu kuma mu ji tausayinsu da daddawa. Kilishi da dambun nama kada su tsallaka iyakar ƙasa, kwastan ba sa wasa da nama.

Ruwa ba a wuce da wanda ya haura mililita 100 a jirgin ƙetare, amma madara da abincin jariri an yafe, a fito da su a nuna kawai. Ku tafi da gorar ruwa babu komai a ciki, ku cika bayan bincike. Batirin cajin waya, fawa banki, ba ya shiga akwatin da za a saka ƙasan jirgi, a jikinka zai zauna. Tun bayan gobarar da ta tashi a jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da yawa na yankin, ciki har da AirAsia da Scoot, sun hana amfani da shi a cikin jirgi. Babu talabijin a bayan kujera kuma, don haka wayar da za ta riƙe maka yara ta shiga da cikakken caji, an riga an sauke musu abin kallo.

Wani abu da ba ya zuwa wa mutum a rai: sanyi. A waje zafi ne digiri 32 da gumi, ka sa wa yara 'yar shimi, ku shiga fili da jirgi na'urar sanyaya ɗaki na busawa kamar hunturun Jos. Bargo kuma sayarwa ake yi. Kowane yaro da 'yar rigar sanyi da safa, jaririya da mayafi. Ka saka mata kayan canji kala 2, uwar ma riga ɗaya, don amai ba ya sallama. A canza mata famfas daf da shiga jirgi, bayin ciki ƙunci ne da shi. Kukan da jarirai ke yi yawanci a saukowa ne, kunne ke toshewa saboda canjin iska. Maganinsa haɗiya: a ja lokacin shayarwa ya dace da sanda matuƙi ya ce an fara sauka, kamar minti 25 kafin taɓa ƙasa, manyan kuma a ba su alewa ko ruwa su riƙa kurɓa. Yaron da ke da mura mai ƙarfi ko ciwon kunne a nuna wa likita kafin tafiya, kuma kada a ba yaro maganin sa barci don jirgi sai likita ne ya ce.

Gargada kuwa ba ta san mai araha da mai tsada ba. Jirgin Singapore Airlines ne, ɗaya daga cikin mafiya daraja a duniya, ya faɗa mummunar gargada a saman Myanmar a Mayun 2024, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. Sararin nan hadari ke tashi a cikinsa ba sanarwa. In dai yaro na zaune, bel na ɗaure, ko fitilar ta mutu.

Ka dubi kalanda kafin ka tsaida rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu damina na dukan gabar gabashin Maleshiya, tsibiran Redang da Perhentian kusan duk a rufe suke, alhali lokacin ne Langkawi ke da daɗi. Ita Langkawi ruwanta ya fi yawa a Satumba da Oktoba. Filifin tana samun mahaukaciyar guguwa kusan 20 a shekara, yawanci daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma ana soke jirage. Bali na da duwatsu masu aman wuta a kewaye, tokar dutsen Agung ta rufe filin jirginta a Nuwamban 2017, sannan kowace shekara, galibi a Maris, ana rufe filin awa 24 cur saboda ranar shirunsu ta Nyepi. Kuɗin tikiti kuma na tashi sama a sabuwar shekarar Sinawa, da Ƙaramar Sallah lokacin da kowa ke komawa ƙauye, da bikin watsa ruwa na Songkran a Tailan, 13 zuwa 15 ga Afrilu, da hutun makarantun Maleshiya. In an jinkirta ku a filin Maleshiya, dokar kare fasinja ta 2016 ta ce bayan awa 2 a ba ku abinci, bayan awa 5 a ba ku masauki in kwana ya kama. Sai ka je kanta ka nema cikin lalama, ba kullum suke sanarwa ba. Inshorar tafiya da suke liƙa maka a shafin biya, mai tafiya shi kaɗai na iya cire ta, amma mai yara 3, wanda zazzaɓin dare ɗaya zai iya rushe masa tafiya, ya karanta abin da ta ƙunsa kafin ya yanke.

Sallah ba matsala ba ce. A filayen Maleshiya ka nemi alamar surau, a Indonesiya musholla, da wurin alwala na maza da na mata. Filayen Bankok da Singafo ma suna da ɗakin sallah. Ku yi kafin shiga jirgi. Ka lura agogon Tailan da Jakarta yana bayan na Maleshiya da awa 1, lokacin tashi da ke kan tikiti kuma na garin da jirgin ke tashi ne, na sauka na garin da zai sauka.

Abu ɗaya kuma da ba na gajiya da faɗa wa mutanenmu: kada ka karɓi saƙon kowa. Ko ɗan garinku ne, ko a masallaci kuka haɗu, ko ya ce yaji ne da kuka za a kai wa ɗalibi. Singafo, Indonesiya da Maleshiya duk suna da hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ke amsa tambaya. Magungunan da kuka zo da su daga gida ma a bar su cikin kwalinsu da takardar likita, irin su tiramadol da maganin tari mai kodin kuwa kada su shiga jakarku sam.

Da ni ne kai, wannan karon Langkawi zan yi. Awa guda ne, ba biza, ba hatimi, halal kusan ko'ina, in jaririya ta yi kuka ma kafin ta gaji an sauka. Ku ga yadda yaran suka ɗauki jirgi, ku gane abin da kuka ɗauka ba ku yi amfani da shi ba. Kota Kinabalu sai hutu na gaba. Bankok kuma ka fara neman biza wata 2 kafin ranar, tikitin ya biyo baya. Ka sa man sauro na yara a cikin babban akwati, sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, safe da yamma, lokacin da suke wasa a waje. A gaishe da uwargida da yara.